Farautar beyar bayan narkewar ƙanƙara: kurakuran da aka fi yi

A Kanada da jihohin Amurka irin su Alaska, Idaho da Montana, baƙin beyar (wata babbar dabbar daji mai yawan gashi, wadda ake kira bear da Turanci) yana fitowa daga raminsa wajen Afrilu zuwa Mayu, bayan baccin hunturu na watanni. Yunwa ce ke fito da shi, kuma abin da ya fara nema shi ne ɗanyar ciyawa. Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa rabin wahala.

Sabon maharbi yakan yi ta kutsawa cikin kurmi tun asuba, ya dawo hannu rabbana. Gyaran shi ne a nemi gangaren tsauni da ke fuskantar kudu, inda rana ta fara narkar da ƙanƙara, ko tsoffin hanyoyin masu yankan katako da suka yi kore. A samu tudu a zauna da madubin hangen nesa, musamman daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Ɗanyen kashi mai kore a bakin hanya shaida ce cewa yana kiwo a nan; wanda ya bushe ya yi fari ba ya gaya maka komai.

Sai iska. Idon beyar ba wani abin tsoro ba ne, hancinsa ne matsala. A tsauni iska tana hawa sama idan rana ta ɗumama ƙasa, ta gangaro da yamma idan wuri ya yi sanyi. Mai sanɗa da ya biyo ta sama da almuru, warinsa ya riga shi isa. A riƙe 'yar kwalbar gari mai laushi ana fesawa, a ga inda ya nufa kafin a ɗaga ƙafa.

Kuskure mafi tsada shi ne saurin harbi. Doka ta hana kashe uwa mai 'ya'ya, ga shi kuma uwar takan kora su kan bishiya ta yi kiwo ita kaɗai, sai ka ɗauka ba ta da kowa. A yi ta kallo na minti 20 ko fiye. Babban namiji kansa faffaɗa ne, kunnuwan ƙanana kamar an manna su a gefe, ƙafafun gaba kauri ɗaya har ƙasa, yana tafe yana rangaji. Idan kunnuwa suka yi tsaye zaƙo-zaƙo a saman kai, ƙarami ne ko mace. Wannan batu ba wasa ba ne: damuwa kan marayun 'ya'ya na cikin dalilan da lardin Ontario na Kanada ya soke farautar wannan lokaci a 1999, sai a 2014 aka fara dawo da ita a matsayin gwaji.

Haka nan launi ba ya raba baƙin beyar da girizli, wani nau'in beyar da ya fi shi girma, domin akwai "baƙi" mai ruwan ƙasa. Girizli yana da tozo a kafaɗa, fuska mai ɗan lotsawa da dogayen farata, kuma yana ƙarƙashin kariya a jihohin Amurka da ke kudu da iyakar Kanada tun 1975. Montana ma sai ka ci jarrabawar bambance su kafin ka sayi lasisi.

Wurin saiti, masu sabo da barewa sukan harbi kafaɗa. Huhun beyar ya ɗan fi komawa baya, gashi kuma yana ƙara wa cikinsa faɗin ƙarya. A jira ya ba da gefe, ƙafar gaba da ke ɓangarenka ta miƙa gaba, sannan a saita bayan kafaɗa a tsakiyar jiki. Kitse da gashi suna toshe rauni, don haka kada a dogara da ɗigon jini. A lura da bishiyar da ya ɓace a gindinta.

Da ya faɗi a feɗe shi nan take, baƙar fata tana riƙe zafi, nama ya lalace. Naman kuma yakan ɗauki tsutsar Trichinella, wadda irin ta ƙasashen sanyi na arewa firiza ba ta kashe ta. A 2022 mutum 6 sun kamu da cutar wannan tsutsa a wani taron dangi a jihar Dakota ta Kudu da ke Amurka, daga naman da aka kawo daga lardin Saskatchewan na Kanada wanda ya kwana 45 a daskare, har da biyu da ganyen da aka gasa tare da naman kawai suka ci. A dafa har tsakiyarsa ya kai digiri 74 na Salshiyos, a auna da ma'aunin zafi, domin naman duhu gare shi, ido ba ya gane dahuwarsa.