Darasi na Bakwai: Alamomin Rashin Lafiya da Abin da Suke Nufi

Zafin jiki, tari, ciwon kai da gudawa alamu ne. Suna gaya mana cewa jiki ba daidai yake ba, amma ba sa faɗin sunan cutar. Alama guda tana iya fitowa daga cututtuka uku ko huɗu, kowacce da nata maganin.

Mu fara da zazzaɓi, domin shi ya fi yawa a gidajenmu. Da zarar jiki ya ɗau zafi sai a ce maleriya ce, a aiki yaro kemis. Da damina sau da yawa hakan ne, tunda sauro ya yi yawa. To amma akwai gwaji mai sauƙi a asibitin sha-ka-tafi. Ana ɗiga jini daga ɗan yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 a san gaskiya. In gwajin ya nuna babu maleriya, shan maganinta asarar kuɗi ce, kuma ainihin cutar tana nan tana cin jiki.

Zazzaɓin da ya daɗe, yana ƙaruwa kullum, ga ciwon ciki ga kasala, yana iya zama taifot. Ana ɗaukarsa daga gurɓataccen ruwa ko abinci. Wanda ya ƙi jin maganin maleriya, ya haɗa da ciwon maƙogwaro da amai, musamman da rani, a tuna da zazzaɓin Lassa, wanda ɓeraye ke yaɗawa ta fitsari da kashinsu a kan abinci.

Akwai zazzaɓin da ba a kwana da shi a gida. In ya zo da matsanancin ciwon kai, wuya ya sanƙare, mara lafiya ba ya son haske, to ana tsoron sanƙarau. Lokacinsa daga hunturu ne zuwa zafin bazara. A jariri ba lallai wuya ya sanƙare ba. A duba maɗigarsa ko ta kumbura, ko ya ƙi kama nono. A 1996 wannan cuta ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa, kuma tana iya halaka mutum cikin kwana guda. Haka ma yaron da ke zazzaɓi, maƙogwaro na ciwo, wuya ya kumbura: wannan mashaƙo ne ake zargi, irin wanda ya ɓarke a Kano a 2023. Sanƙarau da mashaƙo duk akwai allurar riga-kafi.

Tari kuma kwanakinsa ake ƙirgawa. Na mura yakan wuce da kansa. Wanda ya kai mako biyu, mutum yana rama, yana gumi da dare, wani lokaci har da jini a majina, sai a je a gwada tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana sha wata shida ba fashi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɓoye wannan ciwo don jin kunya. Mai ɓoyewa iyalinsa yake fara sa wa, tunda ɗaki guda suke kwana.

In ƙaramin yaro ne ke tari, a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Daga wata biyu zuwa shekara guda, in ya kai 50, ko daga shekara guda zuwa biyar ya kai 40, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, alamar ciwon huhu ce.

Gudawa ruwan jiki take ƙwacewa. A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun daga gida: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In bayan gidan ya yi kama da ruwan wankin shinkafa, ga amai, kwalara ce ake tsoro. A tafi asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

Yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare da ciwon ƙafa da ya ƙi warkewa suna nuna ciwon suga. Idanu su yi ɗorawa, wato shawara, yana iya zama ciwon hanta ko sikila. Jini a ƙarshen fitsarin yaro mai wanka a kududdufi tsargiya ce, ba alamar balaga ba. Mai ciki da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, kanta na ciwo, tana gani dishi-dishi, a kai ta asibiti nan take kafin jijjiga ta kama ta. Shi kuwa hawan jini yakan daɗe bai nuna komai ba, sai an auna.

Aikin gida: ku rubuta alamu uku da ba za ku bari su kwana a gida ba. Sannan ku rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da ku, da wanda zai kai ku in dare ya yi.