Yadda nake koyar da wasannin Amurka na bayan yaƙi a ajina na Jos

Idan za ka karanta wasan kwaikwayon Amurka na bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ɗalibai, kada ka fara da rabon matsayi. A ajina da ke wajen titin Bauchi, ranar farko ba a buɗe littafi. Labarin zamanin nake ba su. Da maza suka tafi fagen daga, miliyoyin mata sun shiga masana'antu suna ƙera jirage, suna karɓar albashi da hannunsu. Aka gama yaƙi a 1945, sojoji suka dawo, aka sallami da yawa daga cikin matan, aka ce su koma ɗaki. Shi kuma namiji aka auna darajarsa da abin da ya shigo da shi gida. In yara ba su san wannan ba, rigimar gidajen da ke cikin wasannin nan hayaniya ce kawai a kunnensu.

Daga nan sai ka bi sawun kuɗi. Nemi ambulan ɗaya, a kowace fitowa ka damƙa wa wanda kuɗin ke hannunsa. A Raisin in the Sun, wanda Lorraine Hansberry ta fitar a 1959, ya fi dacewa da wannan. Baƙaƙen fata ne a Shikago, maigida ya rasu, inshora ta biya dala 10,000. Uwar, Lena, ta ba da 3,500 kafin alƙalami na gida, ta miƙa wa ɗanta Walter, wanda direba ne, sauran 6,500, da sharaɗin ya ajiye 3,000 don karatun likitancin ƙanwarsa Beneatha. Ya zuba duka a harkar shagon giya, abokin cinikin ya gudu da su. Ranar da ambulan ta bar hannun uwa ta koma na ɗa, wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai haka aka yi da kuɗin makarantar yayata." Kada ka katse irin wannan magana don sauri, darasin ke nan.

Sai kuma hannun mata, a nan nake daɗewa. A Death of a Salesman na Arthur Miller, 1949, Linda tana ɗinke tsohuwar safarta, mijinta Willy ya daka mata tsawa ta bari, domin ya san sababbin safa ya kai wa wata mace a Boston. Ka ba yarinyar da ke wannan matsayi safa ta gaske mai huji, da allura da zare. A sanyin Jos ba wanda bai san darajar safa ba. Ka kuma hana ta fitowa a matsayin baiwar Allah mai haƙuri kawai. Linda ce ke riƙe da lissafin gidan. Ta san kamfani ya yanke wa mijin albashi ya bar shi da la'ada, ta san dala 50 da yake kawowa duk mako rance ne daga maƙwabcinsu Charley, ta yi gum don kada ta kunyata shi.

Na san wannan shirun. Da aikin kuza ya durƙushe aka sallami Baba, kullum da safe sai ya sa babbar riga ya fita kamar mai zuwa aiki. Inna ta soya masar sayarwa a ƙofar gida, da dare ta sa kuɗin cefane a ƙarƙashin hularsa, gari ya waye ya miƙo mata a gabanmu. Shi ya sa ba na yarda yaro ya mai da Willy abin dariya. Shi ma nauyin da aka ɗora masa ne ya karya shi.

A Streetcar Named Desire na Tennessee Williams, 1947, sai da manyan ɗalibai. Stanley tsohon soja ne, ya doki matarsa Stella tana da juna biyu, a daren kuma ta koma gare shi. Dukan a bayan fage yake, ƙararsa kawai ake ji, ka bar shi a haka. Bayan fitowar ka tambayi aji, in ba ta koma ba, ina za ta, da wane kuɗi? 'Yan mata su fara amsawa, samari su saurara.

Ka tashi gwaji kafin magariba. Shekarar da na saba wannan, iyaye suka janye mini 'yan mata uku, har da mai fitowa a Beneatha.