Darasi Na Bakwai: Kalmomin Turanci Na Daskarewar Jini

Kowa ya ɗauko littafi da biro. Yau za mu koyi kalmomin da likita ke rubutawa a takardar asibiti idan maganar daskarewar jini ta taso.

Kashi na ɗaya: clot

Haruffa huɗu ne: c, l, o, t. Ana karanta shi "kilot". Ma'anarsa gudan jini, wato jinin da ya daskare ya dunƙule, irin wanda kuke gani a ƙasa idan an yanka rago an ɗan jima. Kada ku ƙara masa h a ƙarshe, domin cloth yadi ne, ba jini ba.

Idan kun ga clotted, ana nufin jini ya riga ya daskare. Clotting kuma daskarewar ce kanta. Likitoci suna da doguwar kalma mai ma'ana ɗaya, coagulation, ana karanta ta "ko-agyuleshan". Kada tsawonta ya firgita ku, ku yanka ta gaɓa-gaɓa.

Daskarewa a bakin rauni alheri ce, ita ke tsayar da zubar jini idan wuƙa ta yanke mutum. Matsala ita ce jini ya daskare a cikin jijiya inda ba a yanke ba, ya toshe hanya.

Kashi na biyu: ku duba gaban kalma

A nan ɗalibai suka fi faɗuwa, don haka za mu daɗe a kai. Ƙananan kalmomi biyu suna juya ma'ana gaba ɗaya: not da anti. Not na nufin "a'a, bai yi ba". Anti na nufin "mai hanawa".

Clotted: ya daskare. Not clotted: bai daskare ba. Ku sake karantawa. Ku ɗora yatsa a gaban kalmar, kafin harafin farko, ku duba ko akwai not.

Ga dalili. Idan kububuwa ta sari mutum, dafinta yana hana jini daskarewa. A asibiti, kamar wanda ke kula da saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe, ana ɗibar jini kamar mililita 2 a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba tare da an girgiza ba, sannan a karkata ta. In jinin ya zubo kamar ruwa, za a rubuta not clotted, alamar dafi ya shiga jini kuma ana buƙatar allurar karya dafi. Wanda ya tsallake not ya karanta clotted kawai, sai ya faɗa wa dangi lafiya lau, alhali ba lafiya ba.

To, anti. Anticoagulant magani ne mai hana jini daskarewa. Warfarin ƙwaya ce, heparin allura ce, duka daga wannan dangin suke. Za ku ji ana cewa blood thinner, wai mai tsinka jini. Jinin ba ya zama ruwa, jinkirin daskarewa kawai yake yi, kuma wannan ba maganin ƙarin jini ba ne. Mai shan warfarin ya sanar da likita kafin cire haƙori ko tiyata, kada kuma ya sayi asfirin a kemis ya haɗa da shi, zai iya jawo zubar jini.

Yanzu a kalmar anticoagulant, ku rufe anti da yatsa, ku karanta ragowar. Ku buɗe, ku sake karantawa. Ku yi haka sau biyar, a hankali, za ku iya. Amma masu gaggawa ku ji: ido ya saba tsallake ƙaramar kalma ya faɗa kan babba, kuma takardar asibiti ba wasiƙar gaisuwa ba ce da za a karanta a guje. An faɗa, an sake faɗa, duk da haka sai a samu mai tsallakewa. Yatsa a gaban kalma!

Kashi na uku: thrombosis

Ana karanta shi "tirombosis". Gudan jini ne ya toshe jijiya. DVT shi ne irin wannan a jijiya mai zurfi, yawanci a ƙafa: ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ciwo. Kada a yi mata tausa, a tafi asibiti. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, sunansa pulmonary embolism, numfashi na sarƙewa farat ɗaya.

Kashi na huɗu: INR da platelets

INR gwajin saurin daskarewa ne. Mai lafiya yana kusa da 1, mai shan warfarin galibi ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Platelets ƙwayoyin jini ne masu toshe rauni, a takarda 150 zuwa 450 ne daidai.

Aikin gida

Ku rubuta clotted da not clotted sau goma-goma, ku ja layi a ƙarƙashin not.