Masu tsohuwar Xbox, ku duba kafasiton agogo

Jama'a, duk mai na'urar wasan bidiyo Xbox ta farko, ta 2001, ya kwance ta ya duba kafasiton agogo, wato ɗan abin da ke riƙe wuta don agogon cikinta ya ci gaba da tafiya in an zare filogi. In ya tsufa yoyo yake yi, ruwan ya cinye siraran layukan tagulla na jikin bod, wato allon da kayan lantarkinta ke kai. Sai ka ga tana kunna kanta da an jona wuta, ko maɓallin kashewa ya ƙi aiki.

Zare filogi tukuna, kuma kada hannunka ya taɓa sashen wuta. Ka cire kafasiton, ka goge wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe sarai. Tawa da na buɗe, gindinsa har ya yi kore, raina ya ɓaci.

Ba sai an sa sabo ba. Amma samfurin 1.6, wato na ƙarshe cikin samfuran wannan Xbox ɗin, in babu kafasiton ba ta tashi.