Kurajen aski: gyara hannu kafin ka zargi reza

'Yan uwa, gaggawa na daga cikin abubuwan da ke kawo kuraje bayan aski. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi, a shafa sabulu ya yi kumfa, sannan a bi gashin ta inda ya kwanta. In aka yi masa gaba da gaba, gashinmu mai murɗewa sai ya koma cikin fata ya zama ƙurji, musamman a wuya da ƙeya.

Mata, hammata da mara ma haka ne. Kuma don Allah a bar turare da humra sai washegari, fatar tana da ƙananan yanka da ido ba ya gani. Man kaɗanya ya wadatar, balle a hunturun Gusau da fata ke tsagewa.

Reza kuwa, a ɗauraye ta, a busar, kada a bar ta a banɗaki ta yi tsatsa. Da ta fara jan gashi, a naɗe ta a takarda a jefar inda yara ba za su tsinta ba.

Kada a yi aron reza, ko tsakanin miji da mata. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kai kwana 7 da rai a busasshen jini. In za ka wurin wanzami, tafi da taka.