Yadda za ka kalli shahon Amur ba tare da ka takura masa ba

Wannan ɗan shahon fa ko nauyin tantabara bai kai ba, giram 150 ne ko kusa da haka, amma duk shekara sai ya ci kilomita wajen 22,000 zuwa da dawowa, daga gabashin Saiberiya ta ƙasar Rasha da arewacin Sin inda yake ƙyanƙyasa har kudancin Afirka.

To in kana son ganinsa fara da sanin lokaci. Oktoba zuwa Nuwamba suna jihar Nagaland ta Indiya, bakin dam ɗin Doyang kusa da ƙauyen Pangti, nan suke yada zango su cika ciki da shinge su yi ƙiba, don gabansu akwai tekun Arabiya da za su tsallaka ba inda za su sauka su huta. Daga Disamba zuwa Maris kuma sai ka neme su a Afirka ta Kudu, irin su garin Newcastle.

Kar ka wahalar da kanka da rana tsaka, duk sun watse kiwo. Je wurin kwanansu kafin magariba ka samu gefe ka zauna, za ka ga suna ta kwararowa dubbai suna shawagi kafin su sauka kan bishiyoyi. Ɗauki madubin hangen nesa. Namijin ruwan toka ne mai duhu, cinyoyinsa da gindin wutsiya jajaye, ƙafa ruwan lemo, amma ka jira ya buɗe fiffike, in ka ga fari fat a ƙarƙashi to shi ne, don akwai ɗan uwansa mai jar ƙafa da suke kama sosai, shi nasa ƙarƙashin duhu ne. Macen kuma ƙirjinta fari ne da ɗigo-ɗigon baƙi.

Abin da na fi damuwa da shi, kar ka matsa gindin bishiyar, ban da filashin kyamara, ban da tafi wai don su tashi ka samu hoto. Taruwar nan tasu wuri guda ita ta ja musu bala'i, a 2012 aka gano ana kama sama da 100,000 da raga duk shekara a Doyang ana sayar da naman. Mutanen Pangti da kansu suka ajiye ragar a 2013 suka koma gadinsu, shi ya sa in ka je ka ɗauki ɗan rakiya a cikinsu ka biya shi da kyau. In kuma ka ga raga a ɗaure tsakanin bishiyoyi kar ka tsaya cacar baki da kowa, sanar da ma'aikatan gandun daji kawai.