Yadda za ki bi da jariri mai yawan tumbiɗi, da yadda ake gane ko madarar shanu ce ba ta karɓe shi ba

Yawancin jarirai suna tumbiɗi. Naman da ke rufe bakin tumbinsu bai gama ƙwari ba, abincinsu ruwa ne zalla, ga shi kusan kullum a kwance suke, shi ya sa nono ke dawowa. Abin yakan tsananta wajen wata 4, ya ragu idan yaro ya fara zama, kuma galibi kafin ya shekara ya wuce.

Da farko ki duba awo. Yawan rigunan da ya ɓata miki ba shi ne ma'auni ba, domin cokali ɗaya na nono idan ya bazu a zanen goyo sai ki rantse duk abin da ya sha ne ya dawo. Duk zuwa riga-kafi, a sati na 6, na 10 da na 14, ki tabbatar an ɗora shi a sikeli an rubuta a kati. In nauyi yana hawa, yana jiƙa famfas kamar sau 6 a yini da kwana, yana kama nono da ƙarfinsa, to wanki ne kawai ya ƙaru miki.

Na biyu, ki gyara yadda yake sha. Kada ki bari sai ya galabaita da kuka, don a nan yake haɗiyar iska. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, kansa ya ɗara cikinsa tsawo, ki tsaya a tsakiya ki saɓa shi a kafaɗa ki shafa bayansa har ya yi gyatsa. Da ya gama, ki riƙe shi a miƙe minti 20 zuwa 30. Wannan ne matakin da ya fi wuya a gidan jego, domin 'yan barka kowa so take ta karɓa ta yi masa rawa. Ki ce, "Yaya, bari nonon ya faɗa masa tukuna." In da fida yake sha, kada a ƙara ko a rage awon garin da aka rubuta a gwangwani, kada kuma a faɗaɗa hujin da allura.

Na uku, barci. A rigingine zai kwanta, a shimfiɗa mai tauri, ba filo. Hajiya za ta ce a kifa shi kada ya shaƙe, kuma da kyakkyawar niyya take faɗa, amma kwanciyar rub-da-ciki ce ke da haɗari ga numfashin jariri. Lafiyayyen jariri da ke rigingine yakan haɗiye ko ya tari abin da ya taso. A kuma fitar da kaskon turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi daga ɗakin.

Kada a ɗura masa dauri, jiƙo ko ruwa kafin wata 6, zuma kuwa sai ya shekara. Maganin kemis ba tare da likita ba, a bar shi.

To, yaushe za a zargi madara? Idan bayan tumbiɗin akwai wani abu daban: zaren jini ko majina a kashi, gudawa mai naci, ƙuraje masu kaushi da ƙaiƙayi a kumatu da lanƙwasar hannu, borin jini bayan ya sha, banƙarewa da ƙin nono, ko awon da ya tsaya cak. A nan ne ake yi wa mata da yawa hukuncin zalunci, a ce nononta ba shi da kyau, a sayo madarar gwangwani. Alhali yawancin madarar gwangwani daga nonon saniya ake yin ta, kuma furotin ɗin saniyar ne jikin yaron ke faɗa da shi. Ga mai shan nonon uwa zalla, ɗan abin da ke ratsowa daga abincinki ne ke taɓa shi. Ki ci gaba da shayarwa, ki kai shi wurin likitan yara, in a Kano kike ko a Asibitin Hasiya Bayero, ko Murtala, ko na Malam Aminu Kano. Ki ɗauki hoton kashin a waya ki nuna.

In likita ya amince a gwada, za ki bar duk abin da ke da madarar shanu sati 2 zuwa 4. Ba shayi da madara kaɗai ba: fura da nono, kindirmo, yogot, man shanun da ake zuba miki a tuwo, alawar madara, kek, cakulan, biskit, har kunun gyaɗar da aka barbaɗa wa madarar gari. Ki riƙa karanta bayan leda. Ki cike gurbin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, da miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, ki tambayi likita ko kina buƙatar ƙwayar kalsiyam.

Idan ya samu sauƙi, ba a nan aka gama ba. Likita zai sa ki koma cin madarar a gani: alamun suka dawo, an tabbatar, ba su dawo ba, kin huta da ƙaurace wa fura a banza. Wanda ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, ba a yin wannan gwajin a gida. Mai shan gwangwani kuwa akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta. Tana da tsada, amma nonon akuya ba madadi ba ne, don furotin ɗinsa da na saniya kusan ɗaya ne, ta waken suya ma ba a so kafin wata 6. Yawancin yaran nan suna warwarewa kafin su isa shiga firamare.

Akwai abin da ba ya jiran gari ya waye: amai kore ko mai jini, aman da ke fita da ƙarfi ya yi tsalle bayan kowane sha musamman tsakanin sati 2 da 8, cikin da ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba, maɗigar da ta faɗa, ƙarancin fitsari, kumburin leɓe ko fuska, ko numfashi da ƙyar. Ko ƙarfe biyun dare ne, ki tashi maigida a nemi adaidaita a nufi sashen gaggawa na yara.